Haƙora Arba'in da Uku

Tun ina ɗan shekara goma sha huɗu, a zamanin da nake makarantar kwana a Zariya, ranar da wani malaminmu Bature mai koyar da lissafi, dogo mai jar fuska wanda ranar ƙasarmu ba ta taɓa yi wa sassauci ba, ya shigo harabar makaranta cikin wata 'yar mota ja marar rufi mai kujera biyu tak, wadda in ya zauna cikinta sai ka rantse a ƙasa yake zaune, Allah ya jarrabe ni da son wannan mota, so irin wanda ba ya jin wa'azi. Na girma, na yi aure, na zo Landan karatun akanta a 1979 da niyyar shekara uku, na wayi gari na yi arba'in da ɗoriya, gemu ya yi fari, gwiwa ta soma ƙara in na tashi daga sujada, amma duk ranar da na hangi irin motar nan a titi sai in tsaya sororo kamar baƙauyen da ya fara ganin jirgin ƙasa. Sunanta MGB. A wani ɗan gari ake ƙera ta, Abingdon, kusa da Oxford, daga 1962 har 1980 da aka rufe masana'antar, an kuwa ƙera fiye da rabin miliyan, galibinsu aka loda a jirgin ruwa zuwa Amurka. Saboda haka ba wata abar alfarma ba ce a wurin Ingilishi, illa dai a wurina.

Abin da ya hana ni saye duk tsawon shekarun nan, bayan kuɗin makarantar yara da na ginin da ba ya ƙarewa a gida, shi ne rashin hujjar da zan gabatar a gaban matata Hajiya, wadda Allah ya hore wa basirar gane son zuciya ko da an naɗa masa rawani. Hujja kuwa ba ta samu ba sai ranar 29 ga Agusta 2023, sa'ad da hukumar birni ta faɗaɗa dokar hayaƙin mota ta game dukan unguwannin Landan, aka ce duk motar da hayaƙinta bai cika sharaɗi ba za ta biya fam 12 da rabi kowace ranar da ta taka titi, tsohuwar motarmu mai shan gas kuwa tana cikin waɗanda hukuncin ya hau. Amma a cikin dokar akwai togaciya, kamar yadda ba a rasa ta a kowane babi na fiƙihu: motar da ta haura shekara 40, aka yi mata rajistar kayan tarihi, an yafe mata, harajin hanya ma ba ta biya. Na ɗauki takardar na same ta a kicin, na karanta mata da murya irin ta alƙali.

Ta ce, "Wato Malam, don gudun fam goma sha biyu da rabi za ka kashe dubbai?"

Na ce, "Hajiya, ai tsimi ke nan na mai hangen nesa."

Ta ce, "Allah ya sa alheri," ta ci gaba da yankan albasa; duk wanda ya yi zaman aure kuwa ya san nauyin wannan addu'a in an yi ta ba tare da an ɗago kai ba.

Wadda na samu ƙirar 1966 ce, ja kamar ta malaminmu, inji mai silinda huɗu da aka ce yana da ƙarfin doki 95 a zamanin ƙuruciyarsa, giya huɗu, ta ɗayan ba ta shiga da daɗin rai sai mota ta tsaya cik. Watannin farko ban ga aibinta ba ko ɗaya, domin ango ba ya ganin hakin da ke idon amarya. Sai da bazara ta shigo, na fara fita da ita manyan hanyoyi, na lura da cewa idan maleji ya kai mil 70, wanda shi ne haddin gudu a ƙasar nan tun Disamba 1965, allurar da ke ƙidaya juyin inji tana tsayawa wajen 3,900 a minti guda, injin yana wani irin gunji mai shiga haƙori, alhali motocin zamani suna wuce ni shiru kamar ɓarayi. Mai hankali da ya ce tsohuwa ce, haka Allah ya yi ta. Ni kuwa na ce akwai gyara.

Bakaniken da ke duba mini ita wani dattijon Bature ne mai gareji a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, cikin irin rumfunan bulo masu baka da ke cike da kudancin Landan, inda kowane minti biyar jirgi zai bi ta bisa kanku, kofin shayi ya yi rawa a kan benci, magana ta yanke sai ya wuce. Mutum ne marar yawan zance, hannunsa baƙi ƙirin da mai har cikin farce. Da na kai masa ƙara, bai ce kome ba, sai ya sa jak ya ɗaga ƙafar baya guda, ya ɗauko alli ya yi zane a taya, ya yi wani a jikin furofela, wato sandar ƙarfen nan da ke kawo juyi daga giya zuwa baya, ya ce in kwanta in ƙirga. Na shimfiɗa kwali na kwanta da kaftanina. Ya juya tayar sau biyu a hankali, ɗayar tana ƙasa ba ta motsi, ni kuwa ina kallon zanen allin yana tafiya yana dawowa, ɗaya, biyu, uku, na huɗun ya rage kaɗan bai cika ba. Ya ce, "To, ka gani da idonka. Uku da ɗigo tara." Sa'an nan ya ƙwanƙwasa wani tulun ƙarfe da ke tsakiyar aksul, tsakanin ƙafafun baya, ya ce a nan maganar take, sunansa difaranshal.

Ya kamata in tsaya in yi wa mai karatu bayanin tulun nan, domin ni kaina da na tsaya na fahimce shi a ranar da ban rubuta wannan labari ba. A cikinsa akwai babban faifan ƙarfe mai haƙora a gefe, da wani ɗan dunƙule shi ma mai haƙora wanda furofela ke juyawa. Ni na sa musu suna uwa da ɗa. A motata uwar haƙoranta 43, ɗan kuwa 11, saboda haka sai ɗa ya juya sau huɗu ba kaɗan kafin uwa ta juya sau ɗaya, ita kuwa uwa juyinta shi ne juyin taya. Raba 43 da 11, ka sami 3.9, wannan ita ce nisbar da ake magana. Bayan wannan akwai wasu 'yan ƙananan haƙora a cikin cikin uwar, waɗanda aikinsu ya fi ba ni sha'awa, domin kuwa adalci ne tsakanin kishiyoyi: idan mota za ta sha kwana, ƙafar waje tafiyarta ta fi ta ciki nisa, to su ne ke barin kowace ta yi tafiyarta gwargwadon halinta, alhali ƙarfin da ake ba su daidai wa daida ne, ba a fifita wata. Illarsa guda, wadda masu mata biyu za su gane ba sai an yi sharhi ba, ita ce ranar da ƙafa ɗaya ta faɗa taɓo ta shiga raki tana wulwulawa, duk juyin gidan wurinta yake komawa, mai haƙurin da ke kan tsandauri a bar ta tsaye.

Dattijon ya ƙara da wata magana a kan wata na'ura da ake ɗaurawa a bayan giya, amma daidai nan jirgi ya bi ta kanmu, ni kuma zuciyata ta riga ta tafi wurin lamba, na gyaɗa kai kawai irin na wanda ya gane.

Daga nan na shiga neman fatawa. Akwai wani gidan shayi a bakin hanyar North Circular, Ace Cafe, wanda aka buɗe tun 1938, inda masu babura da masu tsofaffin motoci ke taruwa, kowa ya buɗe bonet ya tsaya kusa da ita kamar mai tallar rago ana jibi Salla. A can na tarar da cewa mas'alar nan ta nisba tana da mazhabobi, kowace da shehunanta da hujjojinta, kuma ba su taɓa yin ijma'i a kan kome ba sai a kan cewa na kusa da su bai san abin da yake faɗi ba. Wani ya ce MGA, yayar tawa, da 4.3 ta fito, kuma ba a sake yin mota mai rai kamarta ba. Wani mai sanda ya ce ƙanwarta mai silinda takwas, wadda aka yi daga 1973 zuwa 1976, nisbarta 3.07, tana tafiya kamar an shimfiɗa mata darduma. Wani kuma ya rage murya, kamar mai ba da laƙani, ya ce masu tsere 4.55 suke sawa. Mafi yawansu dai, in za a bi mashhuri, cewa suka yi a bar ta yadda masana'anta ta yi ta. Amma wannan magana ba ta yi mini daɗi ba, gama taƙlidi ne, ni kuwa a daren nan ji nake na kai matsayin ijtihadi.

Na komo gida na zauna da takarda da alƙalami bayan sallar lisha, ni da na yi shekara talatin da biyar ina duba littattafan kuɗin kamfanoni, ni da tun ina yaro na zauna gaban mahaifina a zaure na karanci Risala har babin rabon gado, ni da har yau in an yi rasuwa a cikin jama'armu ta Landan ake kirana in fitar da asalin mas'ala in ba kowa rabonsa, na yi ƙiyasi kamar haka: gudu nake nema ba tare da wahalar inji ba, masu tsere sun fi kowa gudu, masu tsere 4.55 suke sawa; 4.55 kuwa ta fi 3.9 yawa, abin da ya fi yawa kuma ya fi albarka. Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Malamai sun kasa jahilci kashi biyu, akwai na wanda bai sani ba ya kuma san bai sani ba, akwai murakkabi, na wanda bai sani ba kuma bai san bai sani ba. Nawa na daren nan har da takardar shaida.

A watan Satumba ake cin wata babbar kasuwar tsofaffin kayan mota a wani ƙauye na Hampshire da ake rubutawa Beaulieu, a karanta Biyuli, don Ingilishi ba su ɗauki harafi a bakin kome ba. Wanda ya san Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san wurin, sai dai a nan a kan ciyawa ake baza kayan, masu sayarwar kuma sun girmi kayan. A rumfa ta wajen arba'in na same shi, naɗe cikin tsohuwar jarida, uwa 41, ɗa 9. Mai kayan, Allah ya sani, bai ɓoye mini kome ba; ya dube ni, ya dubi hulata, ya tambaye ni ko tseren hawan tudu nake yi. Na ɗauka yabo ne, na ce, "Wani lokaci." Na biya, na rungumo shi kamar jariri har inda na ajiye mota, mai yana ɗiga a gaban rigata.

Dattijon gareji ya warware jaridar, ya ƙirga haƙoran da ɗan yatsa, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na yi lissafi. Ya ce motata ce. Da yake aksul ɗin nawa irin na farko ne, wanda ake kwance tulun daga gaba a zaro cikinsa ɗungurungum a zura wani, aikin yini guda ne.

Ranar gwaji ta zo daidai da ɗaurin auren 'yar wani amininmu a Lesta, tafiyar mil ɗari a kan M1, hanyar da aka buɗe tun 1959. Hajiya ta sha leshi da gwaggwaro, wanda sai da ta sunkuya kafin ya shiga ƙarƙashin rumfar tamfol. A cikin gari motar ta zama wata dabba dabam: da na taɓa totur sai ta zabura kamar an tsikari ɗan maraƙi, danja na ba da hannu ina gaban kowa, har na ce wa Hajiya ta dubi abin da ilmi ke yi. Muka hau babbar hanya, kafin ka ce kwabo maleji ya nuna 65, na gyara zama, na sa gwiwar hannu a taga. Can sai na ji duhu ya rufe mu ta hagu. Tirela ce, mai ɗauke da hoton kaji, tana tafe kafaɗa da kafaɗa da mu, ba ta wuce ba, ba mu wuce ba, direban yana cin burodinsa yana leƙo mu daga sama kamar mai kallon ƙwaro a kwano. Na san doka ta ɗaure wa irin waɗannan motoci linzami a mil 56, sai na ce wa Hajiya ta ga marar tsoron Allah, ya kwance na'urarsa. Ta zaro wayarta, wadda ke auna gudu ta tauraron ɗan Adam, ta duba, ta miƙo mini ita daidai hancina ba ta ce uffan ba. An rubuta 56.

Abin da ban sani ba, malejin motar nan daga giya yake ɗaukar labari, juyin furofela yake ƙirgawa, ba ruwansa da abin da taya ke yi. Tun da na sāke haƙoran baya ya zama mai shaidar zur da zuciya ɗaya. Da na ce sai na kai 70 na gaskiya don in fita kunya, allura ta haura 80, injin ya kai wajen 4,500, ƙarar ta cika rumfar nan har ya zamana kamar an sa mu cikin ganga ana kiɗan sallar Sarki a kanmu, madubi yana rawa, gwaggwaro yana rawa, mai kuwa yana sauka kamar an huda tanki. Dole na koma layin tireloli, a cikinsu muka yi tafiyar, muka isa an shafa fatiha an watse, ana kwashe tabarmi. Uban amarya ya tarye mu yana magana, ina ganin bakinsa yana motsi, kunnena kuwa sai ƙugi.

A hanyar dawowa, da muka tsaya shan mai karo na biyu, Hajiya ta ce in sāke yi mata bayanin lambar nan. Na yi mata, da 'yar muryar da ta rage mini. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Malam, ashe ba kai ka koya mini cewa mace in mijinta ya rasu bai bar ɗa ba rubu'i take ci, in ya bar ɗa kuwa tumuni? Wanne ya fi yawa?"

Na ce, "Rubu'i mana."

Ta ce, "To, ai takwas ta fi huɗu."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a gidan man nan da na shige. Lambar da na yi ta taƙama da ita, ashe ita ce ake raba juyin inji da ita kafin a ba taya rabonta. In ta ƙaru, rabon taya ya ragu, inji ya yi ta haki a kan tafiya kaɗan. Masu tsere suna son ta ne don zabura da hawan tudu a gajeren fili, ba don zuwa ɗaurin aure Lesta ba. Mas'alar da nake warware wa marayu a zaune, ita ce ta kayar da ni a ƙarƙashin mota.

Da na tsaya nan, da an ce kuskure ne irin na ɗan Adam. Amma wanda ya sha kunya gaban iyalinsa ba gyara yake nema ba, fansa yake nema, saboda haka na ce tun da ƙaramar lamba ce mai albarka, to a ba ni mafi ƙanƙanta, 3.07 ta mai silinda takwas, uwa 43, ɗa 14. Na buga waya Kano wurin ɗan ƙanena, wanda ya yi shekara ashirin yana kwance Fijo yana ɗaurawa, don ya ƙarfafa mini gwiwa. Ya saurara har na gama, ya ce, "Baffa, ku yi haƙuri, amma wanda ya ƙera ta ai ba mahaukaci ba ne. Kayan raƙumi ne za ku ɗora wa jaki." Na ce masa yaro ne, bai san Ingila ba. Dattijon gareji kuma ya ce haƙoran nan ba sa shiga irin tuluna, sai dai a sauke aksul ɗin gaba ɗaya a ɗaura irin na baya, a taɓa furofela, a taɓa birki. Ya faɗi kuɗin, jirgi ya wuce, na ce ya maimaita, ya maimaita, bai ragu ba. Adadin ba zan rubuta shi a nan ba, domin Hajiya tana karatun Hausa.

A babbar hanya, gaskiya, abin ya yi kyau: mil 70 a juyi 3,000 da 'yan kai, inji yana numfashi kamar mai barcin ƙailula. Sai dai ni ba a babbar hanya nake zaune ba, a Landan nake, inda yawancin titunan unguwa haddinsu mil 20 ne, ga danja, ga gosulo, ga masu keke. A wannan gudun giya ta huɗu ba ta da wurin shiga, ta uku ma sai da lallashi. Na yi wata biyu ban ga ta huɗu ba, kamar jinjirin wata a daren hadari. Tashi daga tsaye kuwa sai an yi ta murza kuloci ana roƙo. Shi kuma maleji, wanda dā yake ƙara mini, yanzu ya koma rage mini, ni kuwa na manta da halinsa sarai, ina tafe allura a kan 20 daidai, ina jin kaina salihin bawa mai bin doka, har ina girgiza kai ga masu gaggawa. Bayan mako biyu wasiƙa ta iso da hoton motata, kyakkyawa ƙwarai, an ce kyamara ta gan ni ina mil 25, in zaɓi tarar fam 100 da maki uku a lasin, ko in zauna darasin sanin haddin gudu. Na zaɓi darasi. Na zauna gaban kwamfuta da furfurata, wata yarinya sa'ar autata tana tambayata abin da lamba 20 cikin jan da'ira take nufi.

Ƙarshen al'amarin ya zo wata Juma'a. Mun sauko daga masallacin Regent's Park, wani aminina Alhaji, mutumin Katsina, wanda Allah ya yi wa yalwar jiki har in ya shiga motar sai ta karkata, ya ce in rage masa hanya zuwa arewacin gari, da buhun shinkafarsa da jarkar manja da muka cusa a but. Wayarsa ce ta ce mu bi ta Swain's Lane. Wanda bai san wannan titi ba, wani siririn lungu ne da ya ratsa tsakiyar maƙabartar Highgate, inda aka binne Karl Marx, kaburbura dama da hagu, daga ƙofar maƙabartar kuma ya miƙe sama tsakanin bango biyu kamar hawan Dala, hanya ɗaya ba juyowa. Masu keke na zuwa can musamman don su azabtar da cinyoyinsu. Muka taho a giya ta biyu, motar tana ja tana nishi, har muka kai inda tudun ya fi tsanani, sai wata motar kaya da ke gabanmu ta tsaya cik. Na taka birki, na ja hambirki. Ta tashi ta tafi abinta. Na sa lamba ɗaya, na ba ta wuta, na soma sakin kuloci, motar ta yi karkarwa, ta yi tari, ta mutu. Na sāke tayarwa, na ƙara wuta. Wani wari ya taso kamar ana babbakar ƙafar sa, hayaƙi ya biyo ta ƙarƙashin kujera, inji yana kururuwa, mu kuwa maimakon gaba sai muka soma sulalewa baya a hankali, wajen maƙabarta.

Alhaji ya yi salati da ƙarfi ya ce, "Malam, in ajali ne, don Allah kada a nan, ba mutanenmu ba ne!"

Na ce, "Alhaji, sauka ka sa weji!"

Mutumin da ke da gidaje uku a Katsina, wanda rabonsa da gudu tun zamanin Gowon, ya fito da babbar riga ta shadda yana neman dutse a titin Landan, inda ba a ajiye dutse. Da bai samu ba, ya buɗe but ya sungumo buhun shinkafar ya jefa bayan taya, motar ta hau shi ta tsaya, buhun ya fashe. A bayanmu motoci sun yi layi har ƙasa, ba mai yin ham, gama Ingilishi ba ya zagi da baki, da shiru yake yi, shirun kuwa ya fi zafi. Masu keke suna ratsa mu ɗaya bayan ɗaya, suna haki, kowa ya ce sannunmu. Daga bisani huɗu daga cikinsu suka jingine kekunansu, da su da Alhaji, ya naɗe hannun riga a kafaɗa, suka tura MGB mai dokin 95 har ƙwanƙolin tudu, ina ciki ina riƙe da sitiyari, tantabarun Highgate kuwa suka yi walima a bayanmu.

Motar ja ce ta kai mu gareji. Dattijon ya sunsuna, ya ce kuloci ya ƙone, kuma a irin motar nan ba a kai gare shi sai an fitar da inji. Sa'an nan ya ce tun da inji zai fita, ko yanzu zan yarda a sa abin da ya faɗa mini tun ranar farko. Na ce wane abu? Ya jira jirgi ya wuce tukuna, ya maimaita. Ashe tun 1963 masana'antar tana sayar da motar da wata na'ura ga mai so, obadiraib, ƙirar Laycock, wadda ake ɗaurawa a bayan giya, a kunna ta da ɗan makunni a gaban direba. In an kunna, juyin inji ya sauka da wajen kashi ɗaya cikin biyar, 3.9 ta zama kamar 3.1 a babbar hanya, in an kashe ta koma yadda take don gari da tudu, maleji kuma ba ya ƙarya. Wato giya huɗu farilla, wannan nafila. Abin da na yi wata takwas ina nema a baya, yana tsakiya.

Na ce, cikin ƙaramar murya, to ina za a sami 3.9 yanzu, tun da na ce masa ya zubar da nawa? Ya shiga can ƙuryar rumfa, ya janye wani tamfol. Ga tsohon aksul ɗina a jingine, ga tulun asali kusa da shi cikin kwali, uwa 43, ɗa 11, an shafe shi da mai. A jikin kwalin an rubuta lambar motata da alli, a ƙarƙashinta kuma kalma biyu da Ingilishi, ma'anarsu: zai dawo.

Haƙoran 4.55 na samu wani yaro mai tseren hawan tudu na gaskiya ya saya, da ragi. Alhaji na biya shi shinkafarsa, amma har yau in na ce in rage masa hanya sai ya ce likita ya umurce shi da tafiya a ƙasa. Shi kuwa aksul mai 3.07 yana nan a bayan gidanmu, jingine da katanga, Hajiya tana shanya tsumman goge-goge a kansa, ta kuma ba ni wa'adi zuwa ƙaramar Salla. Duk mai bukata cikin masu karatu, lafiyarsa lau, bai yi mil dubu a hannuna ba. Ya zo da mota mai faɗin baya da ƙarti biyu, kyauta ne.